Iska ta yaye kwanon shago, wa zai mayar?

Da damina ta kankama, rigima ɗaya ce ke dawowa a kasuwannin ƙauye, daga Gujungu zuwa Wudil har Maigatari: iska ta yaye kwanon shago, ruwa ya jiƙa buhunan gero, ɗan haya ya je wajen mai gini, amsar da zai samu ita ce, "Ai kai kake ciki, kai za ka gyara." Abin haushin shi ne yanzu maganar ta zama kamar doka, har dillalai ma da ita suke ba da shago.

Wannan son zuciya ne. Mutum ya biya kuɗin shekara cif tun kafin ya sa ƙwado a ƙofa, kuma abin da ya biya dominsa shi ne wurin da zai tsare masa kaya daga ruwa da rana. In rufi yana yoyo, bango ya tsage, daɓe ya fashe gara tana fitowa, to bai samu abin da ya biya ba. Ƙwan lantarki, fenti, kanta, sakata da ya karya da hannunsa, waɗannan nasa ne, ba wanda ke musu. Amma katakon rufi da bandir ɗin kwano? Ranar da zai tashi ba ya naɗe su ya tafi da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu gini suna cewa kuɗin hayar ƙauye bai taka kara ya karya ba, ga siminti da ya haura naira 10,000 buhu a farkon 2024. To ɗan haya a wata kasuwa daban yake sayen nasa?

Mafi ciwo shi ne "gyara kawai, ma cire a kuɗin haya." Da baki ake faɗa, a tsaye, bayan sallar la'asar, ba shaida. Mai tireda ya kira kafinta, ya sayi ƙusa da kwano, ya sa birkila ya ɗaure tsagar. Shekara na zagayowa sai Alhaji ya manta, ko ma ya ƙara kuɗi tunda shago ya yi kyau.

Masu tunanin kotun shari'a za ta share musu hawaye su yi hattara. Kano da Jigawa Malikiyya ake bi, kuma abin da ke cikin Muhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Halilu, shi ne ba a tilasta wa mai gini ya yi gyara. In ɓarnar tana cutarwa, ɗan haya yana da zaɓi ya zauna ko ya warware hayar ya tashi. In kuwa ya gyara ba da izini ba, ana ɗaukar sa kamar mai sa kai. Tashin ma ina? Wanda ya shekara goma masu ciniki sun san ƙofarsa ba ya komawa bayan tasha don kwano biyu. Masu gini sun san haka sarai.

Sarakunan kasuwa da dagatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su daina jiran sai an zo sulhu. Kada a ƙara ba da shago sai da takarda, ko da ajami ce, mai cewa rufi da bango na mai gini ne, da shaidu biyu. Dillalin da ya karɓi la'ada shi ma ya sa hannu.