Ya bar ƙafarsa a fagen daga, yanzu ana ce masa ya kawo hujja

Ranar da za a tura soja yaƙi, babu mai ce masa ya jira a duba takardunsa. Umarni ɗaya, ya ɗauki jakarsa ya hau jirgi. Amma ranar da ya dawo da ƙafa ɗaya, ko da kunnen da nakiya ta kashe, sai gwamnatin da ta tura shi ta koma mai bin ƙa'ida: cike wannan fom, je ka ga wancan likita, kawo shaidar cewa a bakin aiki ka ji raunin. Haba jama'a! Wa ya kai shi wurin? Fayil ɗinsa ba a hannunku yake ba?

Ku dubi Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi kan soja. A takarda komai ya yi kyau: diyyar naƙasa duk wata ba haraji, magani, ƙafar roba, tallafin gyara gida da mota, kuɗin karatu. Sai ka zo karɓa. A watan Maris na 2013, buƙatu sama da 600,000 ne suka wuce kwana 125 suna jibge a ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ba a yanke musu hukunci ba. A 2014 aka bankaɗo cewa a asibitin ma'aikatar da ke Phoenix ana ɓoye ainihin jerin masu jiran ganin likita don a nuna wa manya aiki yana tafiya, wasu har suka mutu suna jira. Eric Shinseki, shugaban ma'aikatar, ya yi murabus. To, murabus ɗin ya dawo da waɗanda suka mutu?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lissafin naƙasar. Ana auna ta daga kashi 0 zuwa 100. Mutum yana da raunuka biyu, kowanne an ba shi kashi 50. Ɗan firamare zai ce 100. Su kuwa sai su ce a'a, na farkon ya ci rabinka, na biyun kuma rabin abin da ya rage zai ci, ya zama 75, a ɗaga shi zuwa 80. Wato ana lissafa ɗan Adam da abin da ya saura a jikinsa! Wallahi duk wanda ya tsara wannan bai taɓa kwana da ciwon dungulmi ba.

Ga kuma jan ƙafa, wanda ni dai ban yarda kuskure ba ne, don duk tsohon sojan da ya mutu yana jira an samu sauƙin kuɗi. An gama yaƙin Biyetnam a 1975, amma sai 1991 aka yi dokar da ta amince cewa gubar Agent Orange, sinadarin kashe ganye da sojojin Amurka suka fesa a dazuzzukan ƙasar, ita ce ke jawo wa sojojin wasu cututtuka. Waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, sai 2022 aka sa hannu kan dokar PACT da ta ba su magani da diyya. Faransa ma ba ta da bakin magana: daga 1959 ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi, wato ta daina ƙara musu alhali ana ƙara wa takwarorinsu Faransawa, sai a 2010 kotun tsarin mulkinta ta ce wannan bambanci haramun ne, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Har ila yau a Amurka, sojan da rauni ya tilasta wa ritaya kafin ya cika shekara 20 ana zabtare masa fansho daidai da abin da ya karɓa na diyyar naƙasa, dala kan dala. In yana son a mayar masa da wani kaso, sai ya sake cike wani fom ɗin. Laifinsa ke nan da bam ya same shi a shekara ta takwas? Manjo Richard Star, wanda aka sa wa ƙudirin gyara wannan zalunci sunansa, cutar dajin huhu ta kashe shi a 2021, majalisa ba ta zartar ba.