Tauraron ɗan'adam ba ya kore hadari

A majalisar manoman shinkafa a Argungu, duk shekarar da damina ta yi jinkiri sai ka ji ana cewa taurarin da Turawa suka harba ne ke kore hadari. Wani dattijo har nuna mini ɗigon haske ya yi yana ratsa sama bayan isha'i, ya ce, "Ɗana, ga ɓarawon ruwanmu can."

Zancen yana damuna, domin wanda ya yarda da shi ba zai saurari gargaɗin ambaliya ba, kuma mun ga ɓarnar da ruwa ya yi wa fadamun Kebbi a 2020.

Meteosat, tauraron ɗan'adam da ke duba yanayin Afirka, yana can kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, alhali hadari da wuya ya wuce kilomita 20. Ina zai taɓa shi? Aikinsa kallo ne kawai. Yana ɗaukar hoto duk bayan 'yan mintoci, yana auna sanyin saman gajimare, don wanda samansa ya fi sanyi shi ya fi tsayi, shi ne kuma ke zuwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da irin hotunan nan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke hango hadari ya taso daga gabas tun ganyen darbejiya bai motsa a Birnin Kebbi ba.

Akwai kuma taurarin ɗan'adam masu fuskantar rana, kamar SOHO da aka harba a 1995, kilomita miliyan 1.5 daga nan. Shi ma kallo kawai yake yi, ba ya ƙara wa rana zafi. Aman wutar da take yi yake lura da shi, wanda kan rikita GPS da rediyon gajeren zango.