An yaye ka jiya, yau kai ne oga?

Wallahi abin da na gani jiya ne ya hana ni yin shiru. Wani yaro kafinta a layinmu, wata biyu kacal da yaye shi, ya kafa wa wani dattijo ƙofa, ƙofar nan ta ƙi rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa an tura. Dattijon ya ce masa ɗana, da ka leƙa wajen wasu ogannin ka ƙaro sani mana, sai buɗar bakinsa ya ce "Baba ni na gama koyo." Na gama koyo! Ƙusoshin ma duk a karkace suke.

Ƴan uwana matasa masu sana'a, wannan kalmar ce ke kashe mu. A Jamus, ƙasar da muke yabon injinansu, har yau akan sami kafinta ko magini in an yaye shi ya ɗauki sanda da ƙunshin kaya a ƙyalle ya fita yawon da suke kira Walz, shekara 3 da kwana 1 ba zai matso garinsu da kilomita 50 ba, ba waya a aljihu, sai ɗan littafin da ake buga masa hatimin duk garin da ya sauka, yau yana ƙarƙashin wannan ogan, bayan ƴan watanni yana wajen wancan. Mai aure ko mai bashi ma ba a fita da shi. Wannan fa wanda ya riga ya ci jarrabawa ne, kai kuma ka gama koyo?

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dukawa da maɗinka da maƙera sun bi fatake har Gwanja da zangon Kumasi, suna cin rani suna kallon hannun wasu. Tafiya mabuɗin ilimi, gani kuma ya kori ji. Yanzu fa? Bakanike bai taɓa taka kasuwar ƙere-ƙere ta Panteka a Kaduna ba, tela bai san ɗinkin kowa ba sai na ogansa, amma an buga allo an rubuta injiniya. Ga karɓar kuɗin aiki a zuba a cacar ƙwallo, ga wuni a TikTok mai kaya na tsaye yana jira.

Ku fita ku ga duniya don Allah, ku sauke girman kan nan. A da mutum sai ya yi furfura a bakin maƙera yana cewa shi almajiri ne, ina irin waɗannan suka tafi? Ɗazu na wuce gidan dattijon nan, da dutse ya tokare ƙofar.