Muna ƙirga kalori, gishiri na shigewa ta ƙofar baya

Wata uku ke nan ina rubuta duk abin da na ci a manhajar waya. Ɗan sikelin kicin na girke kusa da murhu, ko ƙwai ɗaya na fasa sai na shigar. Kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, na bi, furotin na bi, sukari ma ban bar shi ba. Can ƙasa akwai layin sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri, kullum kore yake nuna mini, ni kuma in wuce ina jin daɗi. Sai wata rana ina tsaye kan tukunya, na tsoma yatsu uku a robar gishiri na barbaɗa, na ɗanɗana, na ƙara. Nan take abin ya faɗo mini: a wata ukun nan ban taɓa shigar da wannan barbaɗin ba, ko sau ɗaya. Ashe koren da nake murna da shi, koren abin da ban faɗa wa wayar ba ne.

Shi ya sa nake ganin a duk lambobin da manhajojin nan ke tara mana, ta sodiyam ce ta fi rauni, mu kuma ita muka fi sakin jiki da ita. Shinkafa giram 100 ko wa ya dafa, kalorinta ba zai yi nisa da na wani ba. Gishirin cikinta fa? Hannun mai girki ne kawai ya sani. In ka ci a gidan abinci ka zaɓi sunan abincin a manhaja, adadin da zai fito na girkin wani ne da ba ka taɓa gani ba. Wani lokacin ma wanda ya shigar da bayanin bai cike gurbin sodiyam ba, wayar ta lissafa maka sifili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ba wanda za ka zuba da hannunka kaɗai ake nufi ba, har wanda ya zo a cikin burodi da kifin gwangwani da dunƙulen ɗanɗano da ɗan ƙunshin da ke cikin taliyar leda. A ƙiyasin hukumar, abin da mutanen duniya ke ci ya kai kusan miligiram 4,300, ya ninka ƙa'ida har da ɗoriya. Tun 2013 ƙasashe suka yi alkawarin rage kashi 30 cikin 100 kafin 2025, a 2023 hukumar da kanta ta fito ta ce an kauce hanya.

Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar gishiri da sodiyam abu guda. Kusan kashi 40 cikin 100 na gishiri ne sodiyam. Kayan da aka shirya don kasuwar Amurka sodiyam suke rubutawa a miligiram, na Turai kuwa gishiri suke rubutawa a giram. In ka ga sodiyam, ka ninka shi sau biyu da rabi ka sami gishirin. Na taɓa kwafe giram 1.2 na gishiri zuwa gurbin da ke neman miligiram na sodiyam, wayar ta karɓa ba musu, alhali abin da ya kamata in rubuta 480 ne. Sannan a duba ko adadin na leda guda ne ko na rabinta, don kamfanoni sun iya raba abin da mutum ke cinyewa a zama ɗaya su ce cin mutum biyu ne.

Masu neman rage ƙiba su abin ya fi cafkewa. Ka yanke mai, ka yanke sukari, abinci ya yi lami, hannu kuma sai ya nufi gishiri da kayan ɗanɗano don cike gurbi, tunda ba su da kalori. Washegari ka hau sikeli ka ga ka ƙaru, ranka ya ɓaci, ka ce tsarin banza ne. Ruwa ne jiki ya riƙe saboda sodiyam, ba kitse ba, kwana biyu ya sauka. Wannan ƙaramar damuwa ce. Babbar ita ce hawan jini, wanda ba ya sallama, sai dai a ji shi a ƙoda ko zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Kada wani ya ce mini shi ai gishirin nan mai ruwan hoda yake ci, ko na teku. Launi ne da tsada, sodiyam ɗinsu kusan ɗaya ne da na fari. Wanda ya bambanta da gaske shi ne gishirin da aka maye wani ɓangarensa da wani sinadari mai suna fotasiyam. An gwada shi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin kan mutane kusan 21,000, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Sai dai mai ciwon ƙoda, ko mai shan wasu magungunan hawan jini da ke tara fotasiyam a jiki, kada ya taɓa shi sai likita ya yarje masa. Haka mai aikin ƙarfi a rana yana zubar da gumi, lissafinsa daban ne da na mai zaman ofis.

Ni dai na daina wahalar auna kowane barbaɗi, ba zai ɗore ba. Ranar Lahadi nake ɗora robar gishirin gaba ɗaya a kan sikeli in rubuta nauyinta a jikin murfin, Lahadi mai zuwa in sake aunawa, in raba abin da ya ragu da yawan masu cin tukunyar da kwana bakwai. Ba daidai yake cif ba, wani gishirin yana bin ruwan da aka tsiyaye, amma ya fi sifilin da nake shigarwa a da gaskiya nesa ba kusa ba. Makon farko da na ga adadin sai da na sake ɗora robar, na zaci sikelin ne ya samu matsala.

Na fara ragewa kaɗan-kaɗan, na ƙara lemon tsami da tafarnuwa da barkono. Sati biyun farko abinci kamar na asibiti. Yanzu kuwa burodin da na shekara ina ci ban taɓa jin komai a cikinsa ba, jiya na gutsura na ji gishiri ƙarara a harshena.