Makin na'urar gano rubutun ChatGPT ba hukunci ba ne

Ɗalibai da dama sun ɗauka cewa da zarar Turnitin, manhajar da jami'o'i ke binciken rubutun ɗalibai da ita, ta ce ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta aikinsu, magana ta ƙare, sai dai haƙuri. Wasu malaman ma haka suke gani. Alhali hasashe kawai manhajar take yi. Tana duba ko kalmomin sun jeru yadda na'ura ta saba jera su, shi ke nan. Ba ta ga wanda ya zauna ya rubuta ba.

Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT ɗin kansa, ya fito da irin wannan manhaja a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda yawan kuskurenta. Jami'ar Vanderbilt a Amurka ta kashe ta Turnitin a Agustan 2023. Lissafinta mai sauƙi ne: ta tura ayyuka 75,000 a 2022, ko kashi 1 cikin 100 aka yi wa kuskure, ayyuka 750 ke nan aka ɗora wa laifin da ba nasu ba. Wani binciken Jami'ar Stanford kuma ya nuna waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne sun fi faɗawa tarkon, wato irinmu.

Don haka ɗalibi na da bakin magana. Ya karanta ƙa'idar kwas ɗin tun makon farko, domin wani malamin ya yarda a nemi taimakon na'ura wajen gyaran nahawu, wani ya hana ƙwata-ƙwata. Idan zargi ya taso, ya fara ganin malamin da daftarorinsa na farko a hannu, kafin ya kai ƙorafi ga shugaban sashe.