Zakaran tseren babur: ya tsallaka Amurka ko ya zauna inda yake mulki?

Mu masu bin tseren babur na cikin turɓaya, wato motokuros, ba mu da yawa a Katsina, amma duk inda biyu suka haɗu sai an yi musu. Musun da ya ƙi mutuwa shi ne wannan: mutum ya ci kambun duniya a Turai, to ya tattara ya koma Amurka, ko ya zauna? Ni dai ra'ayina ba ya da kwana-kwana. Shekarunsa za a duba, ba yawan kofunansa ba. In yaro ne ɗan 17 zuwa 20, ya kama hanya. In ya kai 24 ko 25, ya riga ya zama sarki a ajin manya, zamansa ya fi masa alheri.

Ga wanda bai san wasan ba, ba gangancin da yaranmu ke yi ranar ɗaurin aure nake nufi ba, inda za ka ga yaro ya ɗaga kan babur daga Ƙofar Kaura, babu hular kwano, silifas ne a ƙafarsa. Wannan sana'a ce mai albashi da likitoci da makanikai. Gasar duniya, wadda yanzu ake kira MXGP, tun 1957 ake yin ta, kuma yawancin zagayenta a Turai ne. Fili ne buɗaɗɗe mai tuddai da laka da yashi, a yi gudun minti 30 da ƙarin zagaye biyu, a huta, a sake. Wanda ya taɓa tura babur a yashin ƙauyukan Mai'adua zai ɗan gane wahalar filin Lommel na Beljiyam, inda yashi ke cinye ƙarfin mutum tun tsere bai yi rabi ba.

Amurka ma suna da irin wannan, da bazara suke yin ta. Amma ba nan idon jama'a da kuɗin kamfanoni suka fi karkata ba. Abin da ke cika masu fili shi ne sufakuros: a kwaso ƙasa da manyan motoci a zuba cikin filin ƙwallo, a gina hanya matsattsiya, tsalle kan tsalle, wani ya kai kimanin mita 20, ga jerin ƙananan tuddai da ake bi ta kansu da gudu ba tare da taya ta faɗa tsakani ba. Zagaye 17 ne daga Janairu zuwa Mayu, kusan kowace Asabar. Hatta shokozoba ɗin babur sai an ɗaure ta tamau, ba yadda ɗan Turai ya saba ji a hannunsa ba. Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Dokin sukuwa da dokin folo duk doki ne, amma gwanin sukuwa ba zai shiga filin folo yau ya ce shi ne Sarki Usman Nagogo ba. Yaran Amurka tun suna ƙanana suke koyon wannan tsallen, lokacin da jiki ke faɗuwa ya tashi, zuciya kuma ba ta san lissafin asara ba.

Ku duba waɗanda suka tsallaka suka dace. Jean-Michel Bayle na Faransa ya ci kambun duniya a 1988 da 1989, ya koma Amurka yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka, a 1991 ya haɗa manyan kambunansu uku a shekara guda. 'Yan kallo ba su so shi ba, har ihu suke masa, bai hana shi cinye su ba. Ken Roczen na Jamus yana ɗan 17 ya ci ajin matasa na duniya a 2011, ya tafi, ya ci gasar fili ta manya a Amurka a 2014 da 2016. Duk da haka filin ƙwallon nan sai da ya karɓi rabonsa: a Janairun 2017, a Anaheim, ya faɗi hannunsa na hagu ya ragargaje, aka yi ta tiyata kan tiyata. Wannan fa wanda ya je da wuri ke nan.

Wani ƙanena bakanike, wanda ya fi ni zafin wasan, kullum hujjarsa ɗaya ce. "Yaya, mi ya rage mashi a gida? Ahmed Musa da ya fi kowa cin ƙwallo a Kano Pillars zama ya yi? Ba Holan ya tafi ba?" Nakan ce masa gaskiyarka, amma ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Akwai wanda a ƙasarsu babu sauran wanda zai kara da shi, akwai kuma wanda gidansa shi ne fagen duniya.

Na farkon, tafiya ta zame masa dole, kuma a nan 'yan nahiyarmu suka fi ba ni sha'awa. Greg Albertyn ɗan Afirka ta Kudu ne, sai da ya bar gida ya je Turai kafin ya ci kambun duniya sau uku a jere, 1992 zuwa 1994. Grant Langston, shi ma daga can, ya ci a 2000, Tyla Rattray a 2008. Da sun zauna gida da ba mu san sunansu ba. Haka iyalin Lawrence na Ostireliya: iyaye suka sayar da abin da suka mallaka, suka kwashi yara zuwa Turai, suka sha wuya, daga can suka wuce Amurka. A 2023 Jett Lawrence ya shiga tsere 22 na gasar fili ta manya ya cinye duka 22, abin da kafin shi Ricky Carmichael da James Stewart kaɗai suka taɓa yi. In gobe Allah ya fito mana da yaro mai irin wannan baiwa daga Daura ko Jibiya, ni zan fara cewa a nema masa fasfo.

To amma ku lura da tsallakawa ta biyu. Langston ya je Amurka yana ɗan 18, ya saje, har ya ci ajin manya na fili a 2007. Albertyn ya je a 1995 da kambu uku a aljihu, sai faɗuwa da rauni suka yi ta bin sa a filayen ƙwallo, bai ga kambu ba sai 1999, shi ma a fili buɗaɗɗe, irin wanda ya sani tun asali. Shekaru huɗu na ganiyar ƙarfinsa suka tafi a koyon abin da yaran can suka iya tun suna firamare. Giwa a garin wani zomo ce, kuma babu wanda zai rage gudu don ganin girman lambar da ka zo da ita.

Kada a ce laifin Turawan Turai ne, don abin yana cin kowane ɓangare. Ryan Villopoto, ɗan Amurka, ya ci sufakuros sau huɗu a jere, 2011 zuwa 2014, sannan ya ce bari ya gwada gasar duniya a 2015. Ya ci zagayen Tailan, aka fara cewa ga shi nan ya zo. A Trentino ta Italiya babur ya kife da shi ta baya, ya ji rauni, ƙarshen sana'arsa ke nan.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne gorin da ake yi wa wanda ya zauna, wai tsoro ne. Stefan Everts na Beljiyam ya ci kambun duniya 10, Antonio Cairoli na Italiya 9. Wa zai kalli waɗannan ya ce matsorata ne? Jeffrey Herlings na Holan ya nuna yadda ake rufe bakin masu gori ba tare da an sayar da gida ba. A 2017 ya leƙa Amurka baƙunta, ya shiga zagayen ƙarshe na gasar filinsu a jihar Indiyana, ya cinye tseren biyu, ya hau jirgi ya koma.

Wanda ya tayar mana da musun nan kwanan baya shi ne Jorge Prado na Sifaniya. Kambun duniya huɗu gare shi, biyu na matasa a 2018 da 2019, biyu na manya a 2023 da 2024. Ya san ƙaura, don tun yana yaro iyayensa suka kai shi Beljiyam saboda wasan. Ya koma Amurka a 2025 yana ɗan 24, kuma ya haɗa sabbin abubuwa uku a lokaci guda: sabuwar ƙasa, sabon salon tsere, da sabon babur, Kawasaki, bayan shekaru yana kan injin gidan KTM. Tun a Janairu kafaɗa ta goce, aka yi masa aiki, sufakuros ta wuce shi. Da aka fito fili, inda kowa ke jiran ya nuna masu shi wane ne, shi da babur ɗin suka kasa fahimtar juna, shekara ba ta ƙare ba aka rabu, ya koma KTM.

Na san burinsa ne tun ƙuruciya, kuma ba ni da hurumin hana mutum bin burinsa da jikinsa. Ina masa fatan alheri, in ya ci kambun can zan yi murna har ƙanen nawa ya gaji da yi mini dariya. Amma da ni ne mai ba shi shawara, da a 2019 zan ce ya tafi, yana ɗan 18, ya fara daga ƙaramin aji ya koyi tsallen a hankali. Tunda kuwa bai tafi a lokacin ba, da ban yarda ya sa hannu a takardar da za ta jefa shi filin ƙwallo a watan farko, kan babur ɗin da bai gama sani ba.