Ba digirin editan Wikipedia ne abin tambaya ba

Duk wanda ya yi rajista a Wikipedia yana da shafi nasa na kansa, inda zai faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Wani ya ce malamin makaranta ne mai son tarihin tsofaffin dauloli, wani ya ce ba abin da ke ɗaukar hankalinsa sai jiragen ƙasa, wani kuma ko sunansa na gaskiya bai faɗa ba. Wannan yana tayar wa masu karatu da yawa hankali: ta yaya za a karɓi ilimi daga hannun wanda ba a san zurfin karatunsa ba? Tambaya ce mai kyau, amma a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba.

An riga an gwada hanyar masana. A shekarar 2000 Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara Nupedia, kundin da sai ƙwararru sun tace maƙala mataki bayan mataki kafin ta fita. Har aka rufe shi a 2003, maƙalolin da aka kammala ba su kai 30 ba. Wikipedia, wadda aka buɗe wa kowa ƙofa ranar 15 ga Janairu, 2001, yau tana fitowa cikin harsuna sama da 300.

Kuma ko da edita ya ce farfesa ne, wa ya ga takardarsa? A 2007 asirin wani babban edita mai laƙabin Essjay ya tonu. Ya daɗe yana iƙirarin shi farfesa ne a fannin ilimin addini, yana kafa hujja da wannan matsayi in gardama ta tashi, har mujallar The New Yorker ta buga hakan. Ashe matashi ne ɗan shekara 24, ba shi da ko ɗaya daga cikin digirorin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an sakar masa muhawarori da dama saboda kwarjinin muƙami. Shi ya sa nake tare da ƙa'idar Wikipedia: kawo madogararka, littafi ko jarida ko mujallar bincike, kowa ya duba da idonsa.

Abu biyu ne nake ganin wajibi edita ya faɗi gaskiya a kansu. Na farko harshe. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda ba ya jin harshen Scots na ƙasar Sikotilan, shi ya rubuta dubban maƙaloli a Wikipedia ta wannan harshe, yana ɗauko Ingilishi yana sauya masa harrufa. Ba da mugun nufi ya yi ba, tun yana yaro ya fara, a zatonsa taimako yake yi. Amma ɓarnar ta yi zurfi, domin ƙaramin harshe ba shi da yawan masu sa ido, kuma na'urorin fassara daga irin waɗannan shafuka suke koyo. Akwai 'yan akwatunan da edita ke sawa a shafinsa ya nuna matakin da ya kai a kowane harshe. Wanda ya ɗaga kansa a wannan wuri ya ci amanar masu harshen.

Na biyu kuɗi. Tun 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, suka tilasta wa duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki. A 2015 an toshe asusun editoci 381 a Wikipedia ta Ingilishi saboda karɓar kuɗi a ɓoye. Ɗan sa-kai da ɗan kwangila ba ɗaya ba ne, kuma haƙƙin mai karatu ne ya san da wanne yake hulɗa.

Sha'awa kuwa, ita ce ke riƙe da aikin gaba ɗaya. Ba albashi, ba mai aiken kowa. Mutum abin da yake so shi yake rubutawa cikin dare bayan ya taso daga aiki. Matsalar ita ce abin da editoci ba su damu da shi ba haka zai zauna babu shi. Binciken da gidauniyar ta yi a 2011 ya nuna mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na editoci ba. Donna Strickland sai da ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2018 sannan ta samu shafi, alhali an ƙi karɓar daftarin tarihinta 'yan watanni kafin nan. Abin ya yi mini ciwo, amma ba zan zargi mai rubutu kan jiragen ƙasa ba, shi ya sauke nasa nauyin. Wanda bai shigo ba shi ake jira. Jess Wade, masaniyar kimiyya a Birtaniya, da ta ga giɓin sai ta zauna ta rubuta tarihin masana sama da 1,000, akasarinsu mata, kuma babu wanda ya nemi ta nuna takardar shaidarta kafin ta fara.